Kundin Laka: Daga Challawa Zuwa Tiga

Asabar, 28 ga Satumba, 2024

Jiya bayan an sauko daga Juma'a malamina ya sa hannu a kan tsarin aikin, don haka yau na buɗe wannan kundi. Aikin ba shi da wuyar faɗi a baki. Za mu ɗebo laka daga ƙasan ruwa a wurare huɗu, mu adana ta yadda ba za ta canja hali ba, daga baya a auna yawan ƙarafa masu guba da ke cikinta: kuromiyom, dalma, kadmiyom, sai tagulla da tutiya. Wuraren su ne Kogin Challawa, daga inda rafin Salanta ke zuba masa ruwan masana'antun Sharaɗa har zuwa Tamburawa. Rafin Getsi da ke kwaso na Bompai ya kai wa Jakara. Dam ɗin Wasai a Minjibir, inda Jakara ke sauke duk kayan da ta ɗauko daga cikin birni. Sai Dam ɗin Tiga da ke can sama, inda ruwan masana'antun Kano ba ya kaiwa. Shi ne zai zame mana abin gwadawa.

Da na gaya wa Inna, ta dube ni ta ce, "Duk bokon nan ƙarshensa wasa da taɓo?" Ban ga laifinta ba. Na ce mata ai ruwa baƙo ne, laka ce 'yar gida. Abin da aka saki a rafi da tsakar dare, kafin ka iso da kwalbarka da hantsi ya yi gaba, yana hanyar Wudil. Amma ƙarfen da ke cikinsa yakan manne wa ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen ciyayi, su kwanta tare a inda ruwa ya rage gudu, na bana a kan na bara. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma kada in kuskura in shigo mata ɗaki da takalmin.

Laraba, 2 ga Oktoba

Kwana uku ana haɗa kaya. Kasuwar Ƙofar Ruwa na je na sayo bututun PVC irin na masu aikin famfo, mai faɗin inci 2, aka yanka min mita ɗai-ɗai, na haɗa da murafunsa. Sai leda mai zif, kula biyu, safar hannu kwali ɗaya, da igiya. Duk abin da zai taɓa laka sai ya kwana a cikin ruwan asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, gari ya waye a ɗauraye shi sau uku da tataccen ruwa, a shanya shi a kife, a ƙulle a leda.

Hajiyar da ke riƙe da ɗakin gwajinmu ta binciki jakata kamar 'yar kwastan. Ta zaro cokalin silba da na ɗauko daga gida ta ɗaga shi sama.

"Ɗan nan, kuromiyom kake nema, kuma da wannan za ka ɗebo?"

Na sani sarai silba ba ta tsatsa ne saboda kuromiyom ɗin da aka haɗa ta da shi, har na taɓa rubuta haka a jarrabawa, amma hannu ya riga kai. Ta ba ni cokalin roba guda goma. Ta kuma kafa min doka: kowace leda lamba biyu, ɗaya da maka a jikinta, ɗaya da fensir a 'yar takarda da za a sa tsakanin ledar ciki da ta waje. Na ce to, Hajiya. A raina kuwa cewa na yi tsirfar tsofaffin ma'aikata ce.

Talata, 8 ga Oktoba

Challawa. Mun fita bayan asuba, ni da wani abokin karatuna da direba. Ba mu taɓa ruwa ba sai da muka je gaida mai unguwa da takardarmu. Ya karanta a natse, ya tambayi ko akwai abin da za mu zuba a ruwan, muka ce ɗiba kawai muka zo yi, sannan ya haɗa mu da wani dattijo mai kwale-kwale.

Bakin kogin na 'yan yashi ne. Tifofi a jere, samari tsirara daga ƙugu suna nutso suna cika kwale-kwale. Suna ganin GPS da bututu sai magana ta zagaya cewa zinariya muke nema. Wani ya ɗaga murya ya ce in an samu kada a manta da 'yan gari. Baba ya yi ta dariyar rigar ruwan da na ɗaura, wai ruwan da bai fi ƙarfin ɗan shekara goma ba. Na ce, "Baba, tun hatsarin kwale-kwalen da ya faru a Bagwai a 2021 na yi wa mahaifiyata alkawari." Bai sake magana a kai ba.

Na'urar da muke ɗiba da ita sunanta Ekman. Akwatin ƙarfe ne da bai fi tukunyar miya ba, yana da muƙamuƙi biyu a ƙasa da ake ɗanawa da sifirin. A zura shi da igiya a hankali har ya zauna, sai a sako wani curin ƙarfe ya biyo igiyar ya bugi kansa, bakin ya rufe ƙap. Baba na ganin haka ya ce, "Af, ashe kada kuka zo da shi." Sunan ya bi shi ke nan, har malamina yanzu kada yake cewa.

To kada ba ya shiri da yashi. Tsakuwa ɗaya ta shiga tsakanin haƙoransa, duk abin da ya cafko zai tsiyaye kafin ya iso sama. Sau shida muna jefawa a tsakiyar kogi muna ɗago ruwa zalla. Baba ya gaji da kallonmu ya ce, "Yaro, laka ba a tsakiya take kwana ba." Ya tuƙa mu zuwa wani lungu a cikin kwana, inda ruwa ke juyawa a kasalance a gindin ciyayi, ya caka gorarsa, ya ɗago, ya nuna min bakinta. Abin da littafi ya kwashe shafi uku yana bayani ke nan, shi da gora yake ji.

Jifa ɗaya kada ya fito a cike. Na buɗe murfin sama, na zuƙe ruwan da ke kai da ɗan siririn tiyo don kada saman ya tashi. Saman, kamar santimita ɗaya, ruwan ƙasa ne mai laushi kamar kunun da ya huce. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya sa abokina kau da kai. Baƙin ba datti ba ne kawai. A can ƙasa babu iska, ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a haka su ke samar da wannan wari, sinadarin ya haɗu da ƙarfen da ke cikin laka ya yi baƙi, ya kuma ɗaure irin su dalma da kadmiyom tam. Iska na shiga sai ɗaurin ya fara kwancewa. Shi ya sa ba a tsayawa hira: a ɗebi santimita 5 na sama daga tsakiya, ba tare da cokali ya goga jikin kada ba (shi ma ai silba ne), a cika leda, a matse iska, a jefa kula. Na miƙa wa ɗan yashin nan leda ɗaya ya shinshina, na ce ga zinariyar.

Tasha 5, kowacce leda 3, leda 15 ke nan. Rana ta take, hannu duk taɓo. Na manna salatif ɗin takarda a kowacce na rubuta lamba da maka, na ce ta fensir sai mun koma.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Getsi da Jakara. Nan ba a bukatar kwale-kwale, takalmin roba har gwiwa ya isa, sai dai a yi hattara da fasassun kwalabe. Rabin abin da cokali ke ɗagowa leda ce da tsumma. Masu lambu sun fara gyaran fangali, damina na ƙarewa za su ɗora inji a bakin rafin nan su shayar da latas da alayyafo da kabeji da za mu saya a kasuwa. Ɗayansu ya tsare ni da tambaya ko gwamnati ce ta turo mu a hana su ruwa. Na ce ɗalibi ne ni, ko akuya ba ni da ikon hanawa.

Hajiya ta haɗa ni da wata ɗaliba mai koyon aiki. Leda 12, kowacce sai da ta zauna a kan kula ta rubuta takardar fensir, lamba da kwanan wata da ƙarfe nawa. Ni ina tsaye ina duba agogo.

Talata, 15 ga Oktoba

Wasai. Lakar nan laushinta ya yi yawa, in ka saki igiya da sauri kada zai nutse har kansa ya cika ya tumbatsa, saman da kake nema ya fice ta murfi. Sai da muka koyi sauke shi kamar mai ajiye ƙwai. Ban bari ruwan ya taɓa fatata ba saboda tsargiya, ga katantanwa nan birjik a jikin ciyayi, ga yara suna ninƙaya ba ruwansu.

Masuncin da ya tuƙa mu ya yi shiru har muka gama, sai a bakin gaɓa ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kifin nan mu ci ko mu bari?" Na ce ba kifi muke aunawa ba, lakar ma ba mu auna ba tukuna. Ya karɓi lambar wayata.

Leda 9. Jimilla 36, duk suna firij a digiri 4.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Tun Litinin babu wuta, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, kusan Arewa gaba ɗaya. Labarai sun ce babban layin da ke kawo wutar ne ya samu matsala. Janareta awa uku ake kunna shi a yini, da fetur ya haura naira dubu lita wa zai ce a ƙara? Da safe ma'aunin firij ya nuna digiri 11. Na kwashe komai na mayar kula, na hau babur neman ƙanƙara. Ƙanƙara ta zama gwal a garin nan, da masu zoɓo da masu kifi da ni duk layi ɗaya muke bi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na jima ina kallon wannan shafi kafin in iya rubutawa.

Asabar da Lahadi ban samu ƙanƙara ba. Yau da na buɗe kula ta farko, ledoji na iyo a cikin ruwa, salatif ɗin da na manna ya jiƙe ya saki, yana yawo a sama kamar matattun kifi. Cikin leda 15 na Challawa, 9 sun rabu da lambarsu. Ga lambobin nan a hannuna, ana ma iya karanta wasu, ga ledojin nan lafiya lau ko ɗigo bai shiga ba, amma wace ce ta bakin Salanta, wace ce ta Tamburawa? Na jera su a tebur ina gwada launi, ina shinshinawa, ina cewa wannan ta fi baƙi, lalle ta tasha ta biyu ce. Hajiya ta shigo ta same ni a haka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ɗauki leda ɗaya ta Getsi, ta ɗaga ta a hasken taga, takardar fensir na nan a tsakani, bushe ƙamas. Ta ajiye. Sannan ta ce, "Lalle da kake cewa, za ka iya rantsuwa a kai?" Na ce a'a. Ta ce, "To taɓo ne."

Saura 27. Malamina ya zo da azahar, muka yanke shawarar ceto abin da za a iya ceta. Jimillar ƙarfen da ke cikin laka ba ya zuwa ko'ina don ta yi ɗumi, in aka busar da ita zai zauna shekaru. Abin da ke lalacewa shi ne sanin a wace siga ƙarfen yake. Kuromiyom ɗin da ake jima da shi mai lamba uku ne, wanda cutarsa da sauƙi. Mai lamba shida shi ne mugun, yana jawo cutar daji. Bambance su na bukatar ɗanyar laka mai sanyi, a kuma auna ta cikin kusan wata ɗaya. Haka zaiba, da malamina ya so mu ƙara: kwana 28 ne wa'adinta, kuma ba ta son zafi. Duk biyun mun haƙura da su a wannan zagaye. Muka juye sauran a farantan roba, muka baje su a ɗakin baya, kowane faranti da lambarsa a ƙasa da kuma a gefe.

Talata, 5 ga Nuwamba

Wuta ta dawo a makon jiya. Mun koma Challawa da kuɗin aljihuna. Na ɗauka zan je in maye gurbin abin da na ɓatar ne, ashe kogi ba ya jira. Ruwa ya ja baya, lungun da Baba ya kai mu ya zama tudu har akuya na kiwo a gefensa. Tasha ta uku kuwa 'yan yashi sun yashe ta, GPS na cewa ga ni a wurin, gorar Baba na cewa rami ne. Muka matsa ƙasa kamar mita 200, na rubuta haka ɓaro-ɓaro a littafin fita, na ba ta sabuwar lamba. Waɗannan leda 15 ba madadin na Oktoba ba ne, zagaye ne mai zaman kansa, kuma haka za su shiga rahoto.

Baba ya ga ina zaune ina rubutu da fensir ya ce, "Wancan zuwan ba ka yi wannan ba." Ashe yana lura.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Shanya, daka, tankaɗe. Wannan ne aikin da ba wanda ke ɗauka a hoto. Ba ma sa laka a rana, ba ma sa ta a tanda mai zafi. A inuwa take bushewa, mako guda ko fiye, ana juya ta da cokalin roba. In ta bushe ta tsattsage kamar bakin kududdufi a watan bazara, a murƙushe ta a ɗan turmin tangaran, a wuce da ita rariyar nailan mai ido milimita 2 don fitar da tsakuwa da kara da ɓawon katantanwa, sannan rariya mai ido maikuron 63. Abin da ya fita daga wannan ta biyun ya fi garin alkama laushi, kuma shi za a auna. Dalili kuwa, ƙarfe ya fi kama ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ruwa ke kama gari fiye da tsaba. In ka gwada lakar Wasai mai yumɓu da ta Challawa mai yashi ba tare da tankaɗe ba, sai ka ce Wasai ta fi gurɓata alhali ƙila laushi kawai ta fi. Tsakanin kowane samfur da na gaba sai an wanke turmi da rariya an busar. A yini samfur huɗu nake gamawa, in na yi ƙoƙari biyar.

Sabon abokin gaba shi ne hunturu. Ƙurar da ke tasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi ba ta san ƙofa a rufe ba. Na ajiye faranti ba komai a cikinsa kusa da na shanya, bayan kwana biyu na ja layi a kai da yatsa. Wato lakar Jakara tana ta haɗuwa da ƙasar Chadi ina zaune. Mun toshe tagogi da jarida da salatif, mun yafa wa farantan farin yadi mai shara-shara. Farantin da ba komai ɗin ma na bar shi, ƙurarsa za ta shiga awo, mu san abin da ta ƙara mana.

Alhamis, 12 ga Disamba

Samfur 42 sun shiga kwalaben roba masu murfi. Tafiyar Tiga na jiran kuɗi.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Tiga, a ƙarshe. Sanyin asuba a kan ruwan nan sai wanda ya ɗanɗana. Tambayar farko da aka yi mana a bakin gaɓa ita ce ko dam ɗin muka zo dubawa, ko akwai abin da aka gani. Tun da Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar bara ruwa ya shiga Maiduguri, duk wanda ke kwana kusa da dam ba ya ganin baƙo da na'ura ya yi shiru. Sai da Sarkin Ruwa ya yi musu bayani da kansa.

A nan ba saman laka kaɗai muke so ba, har da abin da ke ƙarƙashi, don haka bututu ne ya yi aiki, kada ya huta. An gina Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Tsakiyarsa ta fi ƙarfin kayanmu. Wani reshe muka shiga, inda zurfin bai wuce mita 3 ba. An ɗaura bututu a bakin doguwar sanda, mutum biyu na riƙe da kwale-kwale da gora don kada ya juya, ni ina dannawa a miƙe, a hankali, ba girgiza. In ya ƙi shiga, a rufe saman da murfi don ya riƙe abin da ke ciki, kamar yadda yaro ke toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa, a jawo, a kuma toshe ƙasan tun yana cikin ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Na farko ya zube min a gwiwa baki ɗaya. Daga nan abokina ya nannaɗe hannun riga yana jira da murfi a ƙarƙashin ruwa.

Mun samu uku: santimita 28, da 40, da 62. A tsaye suka dawo Kano, ɗaure a kujerar baya kamar fasinja, na hana direba gudu a duk inda hanya ta lalace. In bututu ya kwanta ko ya girgiza, shekaru sun cakuɗe.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yanka. Ana turo lakar daga ƙasa da wani toshi mai sanda, ta ɓullo ta sama santimita 2, a yanke da farantin roba mai kaifi, a kankare gefen da ya goga jikin bututu a zubar, tsakiyar ta shiga leda. Dogon ya ba da yanka 31, sauran 20 da 14.

Dogon nan ne ya tsayar da ɗakin. Daga sama laka ce mai toka-toka, santsi, jefi-jefi da siririn layin yashi, wataƙila shekarun da ruwa ya sauko da ƙarfi. Muna isa wajen santimita 56 sai farantin ya fara turjiya. Launi ya juya ja, ƙasa mai tauri, da 'yan saiwoyi sirara kamar gashi. Hajiya ta murza kaɗan a yatsa cikin safar hannu ta ce, "Wannan ba laka ba ce, gona ce." Mun huda duk abin da ruwa ya ajiye mun taɓo ƙasar da ake nomawa kafin a tare kogin. Na tuna mai tuƙa mu ya nuna wani wuri da haɓa ya ce gonar mahaifinsa na ƙarƙashin nan, an tashe su yana yaro. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Abokina har ya ɗauki kalkuleta zai raba 56 da shekara 50 ya ce ga yadda Tiga ke cikewa. Malamina ya hana, kuma da gaskiyarsa. Reshe ɗaya ne a gefe, wurin da in ruwa ya ja baya a wasu shekarun zai iya bushewa iska ta kwashe, ko shanu su tattake. Bututu ɗaya ba ya magana da yawun dam.

Amma jan layin nan kyauta ce, domin ya ba mu shekara ba tare da na'ura ba. A wasu wuraren sai an nemi sinadarin siziyom 137, wanda gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama ya watsa ko'ina a duniya, ya fi yawa a lakar da ta kwanta wajen 1963. Mu ma abin bai tsallake mu ba: Faransa ta tayar da nata na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a Fabrairun 1960, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961 saboda haka. Tiga ƙanen wannan zamani ne, ba za a ga layin 1963 a cikinsa ba, amma tsofaffin tafkunan fadamar Haɗeja zuwa Nguru za su iya riƙe shi. Ba mu da na'urar auna shi. Abin da muke da shi kwalba ce da fensir. Shi ya sa malamina ya ce daga yau kowane samfur a raba shi biyu, rabi na aiki, rabi na ajiya da ba mai taɓawa, ko da wani zai zo bayanmu da tambayar da ba mu yi ba da kayan da ba mu da su.

Talata, 11 ga Fabrairu

Zagayen rani ya kammala: Challawa, Getsi da Jakara, Wasai, leda 36 cikin kwana huɗu. Ruwa ya ragu ƙwarai, wari ya ƙaru, a bakin Salanta har sai da na ɗaura hankici a hanci. Wani tsoho da ya ce a Majema ya tashi ya tsaya yana ba ni labarin jima da bagaruwa, yadda ake kwana da kwanaki kafin fata ta nuna. Jimar zamani da gishirin kuromiyom cikin yini take gamawa, abin da fata ba ta sha ba kuma ya bi ruwa. Ban yi masa gardama ba, ban kuma ce masa ga abin da ke cikin ledata ba, don ni ma ban sani ba.

Wannan karon ƙanƙara na gida na tanada, a robobin ruwa masu murfi, ko ta narke ba za ta jiƙa komai ba. Leda ɗaya-ɗaya daga kowace tasha ta wuce kai tsaye wajen awon kuromiyom mai lamba shida tun tana ɗanya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An fara dafawa. Giram ɗaya na gari a cikin haɗin asid, kashi 3 na haidurokulorik da kashi 1 na naitirik, a kan wuta cikin akwatin zuƙe hayaƙi, a tace, a cika da tataccen ruwa zuwa layi. Cikin kowane goma akwai kwalba ɗaya da ba laka a ciki, asid zalla, don a kama duk abin da ya shigo daga hannunmu ko kayanmu. Akwai kuma samfur ɗaya da ake maimaitawa da ɓoyayyar lamba, mai riƙe da AAS, na'urar da ke auna yawan ƙarafan, bai san tagwaye ba ne. Alkaluman farko sun fito, na gan su, amma ba za su shiga kundin nan ba. Malamina ya ce sai tagwayen sun yarda da juna, sai kuma lakar gwaji da aka riga aka san abin da ke cikinta ta iso mun ga na'urarmu ta faɗi daidai. Mun yi odarta tun Janairu.

Talata, 4 ga Maris

Azumi huɗu. Ba fita, ba asid da rana, sai na zauna na yi lissafin kabad. Kwalba 143 na ajiya: 27 na Oktoba, 15 na Nuwamba, 36 na Fabrairu, 65 na Tiga. Kowacce lamba a murfi, lamba a jiki, takardar fensir a ciki. Na kwafi littafin fita kashi uku, ɗaya a kabad ɗin, ɗaya wajen malamina, ɗaya a gida cikin akwatin Inna, na kuma ɗauki hoton kowane shafi na tura wa kaina ta imel.

Ledoji taran nan na ɗauka an zubar. Yau na gan su a kantar ƙasa, an busar, an zuba a bokiti ɗaya, an rubuta a jiki da hannun Hajiya: na koyon tankaɗe. Sababbin ɗalibai za su shigo bayan Sallah.

Masuncin Wasai ya kira da la'asar, karo na uku ke nan. Na ce masa har yanzu da saura, amma malamina ya amince a ƙara kifi a zagayen damina, tarwaɗa da karfasa, goma-goma. Ya ce shi zai kamo. Na ce kada ya yanka su da wuƙarsa, ya bari in zo da kula.